Farfela Ta Huɗu

Ina kan keken ɗinki, ina kalmasa bakin wani zanen mutane, wayar hannuna ta yi ƙara. La'asar ba ta yi ba tukuna, amma inuwar katanga ta kai bakin randa. Abokin ƙanena ne, wani mai gyaran waya a Gummi, wanda magana ba ta taɓa haɗa mu ba sai gaisuwar Sallah. Ya yi sallama, ya tambayi Inna, ya tambayi 'yata. Sannan ya ce 'yan bindiga sun tare hanya da hantsi, sun buɗe wa motar da ke gaba wuta, an kwaso mutanen an kawo asibiti. Ya ce ya je ya duba da idonsa. Bai furta kalmar ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Adda, sai haƙuri."

Na yanke zaren, na ninke zanen na ajiye, don ba nawa ba ne. Inna tana tsakar gida tana tsintar wake. Na durƙusa na faɗa mata. Ta yi salati, ta sauke faifan a hankali, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Can ta ɗago ta dube ni.

"Mi yak kai shi Gummi yau? Ya ce min rumfa za shi."

"Ban sani ba, Inna."

Na sani. Ni kaɗai ce a gidan na sani, kuma tun daga ranar nake ɗauke da wannan amsa da na ba ta.

Shi ne autanmu, da Auta kuma muke kiransa har ya yi gemu. Shekara goma sha biyu na ba shi, ni na goya shi. Asalinmu mutanen Dareta ne. A can na yi auren fari, lokacin da maza ke kawo dutsen zinariya gida cikin buhuna, ana niƙawa ana wankewa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin ƙurar. 'Ya'yana biyu suka tafi a damina ɗaya, mace mai shekara uku da namiji yana nono. Jijjiga ce ke kama su, idanu su kafe. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Auta yana cikin yaran da aka ba magani suka tashi. Aurena bai jure abin ba. Da mahaifinmu ya rasu sai muka dawo Bukkuyum wajen dangin Inna. Na sake aure bayan shekaru, Allah ya ba ni 'ya mace guda. Mijina yana aiki a kudu, shi ya sa nake zaune da Inna.

Auta yana da rumfar cajin waya a bakin tasha. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama, motocin kara da yake yi har da ƙofa mai buɗewa. Da ya samu babbar waya sai ya koma kallon yadda mutanen wasu ƙasashe ke haɗa ƙananan jirage marasa matuƙi a ɗakunansu. Mu abin da muka sani da wannan suna shi ne na sojoji da ake faɗa a rediyo. Nasa kuwa, ya ce, tafin hannu zai ɗauke shi, kuma ba zai taɓa fita waje ba.

Wannan ba sai an gaya masa ba. A ƙasar nan tamu yanzu, ko waya ka ɗaga sama kana neman sabis sai an bi ka da ido. Wanda aka ga yana tashin abu a sama, kafin magariba an ce infoma ne, ko na daji ko na hukuma, kuma kowanne aka ce ba ka kwana lafiya ba. Saboda haka ko abokansa na tasha bai faɗa wa ba. Inna ta san yana wani ƙere-ƙere, ba ta tambaya ba. Ni ya nuna wa, ranar da wani direba ya kawo masa kayan daga Gusau cikin ambulan.

Ya zazzage su a kan teburin kekena. Injuna huɗu, kowanne bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, da siraran wayoyi biyu a gindinsa kamar zaren ɗinki. Farfela huɗu masu kama da fiffiken fara. Wani ɗan allo kore da ya ce shi ne ƙwaƙwalwar, da batir kamar alewar yara, da rimot. Gangar jikin ce bai saya ba, ya ce da hannunsa zai yi.

Na ce masa sa'o'insa suna neman aure shi yana neman fiffiken fara.

Ya ce, "Adda, wagga ko ta yi yaji ba ta wuce gidan sauro."

Da gaske yake. A cikin gidan sauro ya yi niyyar koyon tuƙin, don in jirgin ya kauce ya bugi raga maimakon bango. Nawa ya fi faɗi, ɗakina kuma yana da ƙofa mai sakata. Bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga tsakar gida kuma 'yata ta yi barci a ɗakin Inna, sai ya rufe rumfa ya dawo, mu ɗaura gidan sauron, ya shiga ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kamar mai jiran ɗaurin aure.

Gangar jiki ta farko daga murfin bokiti ya yanko ta. Ya haɗa komai a ɗakinsa, ya kawo. Da ya tura maɓallin sai abin ya yi kuka irin na zanzaro, ya ja ciki a kan tabarma, ya ɗaga gefe ɗaya, ya kife. Ya gwada har batir ya mutu. Kwana uku ana haka. Na ce ai kwaɗo ya ƙera. Bai yi dariya ba, ya ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa, ya ce nauyi ne ya yi yawa, amma hannu ba ya faɗin gaskiya a kan abu ƙarami haka.

A ƙasan akwatina akwai ɗan sikelin awon zinariya na mijina na fari, mai lambobi, girman wayar hannu. Ban san dalilin da ya sa na riƙe shi ba duk shekarun nan. Na ɗauko, na goge shi da sabulu sau uku, na miƙa masa. Ya gane shi. Ya dube ni, ya je ya sayo masa batir.

Daga nan komai sai an auna. Murfin bokitin ya tafi. Ya gwada sillen kara, ya karye. Ya gwada robar silifa, ta lanƙwashe. A ƙarshe ya roƙi mai tsiren tasha tsinkaye sababbi, ya fere su da reza har suka yi siriri, ya gicciya biyu. Inda suka haɗu yana buƙatar ɗauri mai ƙarfi marar nauyi, nasa ɗaurin kuwa kullum sai ya yi ƙulli kamar na buhun gero. Ni na karɓa. Na naɗe da zaren ɗinki, zagaye bakwai kowane gefe, ya ɗiga gam da bakin allura. Haka na ɗaure masa injunan huɗu a bakin tsinkayen. Ƙafafu kuma ya yanko daga totuwar kara, wadda sikelin ma da ƙyar yake jin ta. Ya ce ɗaurina ya fi na ungozoma. Na ce ya bari sai ya haihu ya gani.

Ina son a san cewa na ji daɗin waɗannan ranaku. Tun Dareta ban zauna da wani ina jiran abu ya yi kyau ba sai a lokacin. Idan lambar sikelin ta sauka da giram ɗaya, sai ya juyo min da shi in gani, ni kuma in gyaɗa kai kamar na san abin da ake nema. Daga talatin da takwas muka sauko har ashirin da shida.

Abin da ya rage shi ne wayoyin injunan. Sun yi tsawo, ya ce zai rage su ya sake liƙa su a jikin koren allon. Wannan aikin a ɗakinsa yake yi, da wani ƙarfe mai zafi da yake jonawa a batirin sola. Nakan ji ƙauri kamar ana ƙona ƙaro, ban taɓa tambaya ba.

Ranar wata Talata da hantsi, Inna ta tafi barka a unguwar gaba. Wani ya yi sallama da Auta a ƙofar gida, ya fita ya bar ɗakinsa a buɗe. Ina shanya, na waiga ban ga 'yata ba. Lokacin shekararta ɗaya da rabi. Na same ta zaune a ƙasan teburinsa, tana tsintar wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar idon kifi. Biyu a hannunta, ɗaya a leɓenta. Na sa yatsa na share bakin har ta yi kuka.

Da ya shigo na buɗe masa tafina na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ɗigon abin liƙi ne. Na nuna naɗin farar wayar da ke kan tebur, mai laushi, na ce da me aka yi ta. Da ya so da ya ce azurfa ce ko wani ƙarfe, da na yarda, don ni dalmar da na sani ƙura ce da ba a gani. Ban taɓa sanin tana ƙyalli ba. Amma Auta ba ya min ƙarya.

"Dalma ce, Adda. Da kuza a haɗe."

Ban tuna na ɗaga murya ba. Ya shiga bayani, ya ce duk mai gyaran waya da ita yake aiki, ya ce yana wanke hannu, yana share ɗakin, yau ne kawai aka kira shi bai share ba. Ya ce laifinsa ne, ya karɓa. Na ce ya fitar da ita daga gidan nan yanzu.

"Injuna ukku sun zauna," ya ce. "Saura na huɗu. Waya biyu kacal, Adda. Ki ba ni minti biyar, a zaure, in shimfiɗa takarda, in naɗe in kai bayan gari."

"Ko ɗigo guda."

"Adda."

"Kai ma ka sha maganin. Ka manta?"

Na saɓa 'yata a kafaɗa, na ɗauki naɗin dalmar da ƙarfen, wanda bai ma gama hucewa ba, na zagaya bayan gida na jefa su a masai. Yana tsaye a bakin ƙofarsa lokacin da na dawo. Na san watanni ya yi yana tara abin da ya sayi ƙarfen nan. Ya ɗauko fartanya da kansa, muka kankare daɓen ƙasan teburin kamar yadda muka ga an yi a Dareta, ya kwashe a buhu ya fita da shi. Kafin Inna ta dawo an gama. Ta ga sabuwar ƙasa a ɗakin, ya ce mata gara ce.

Kwana uku ina duban idon 'yata. Ko ta yi miƙa sai gabana ya faɗi. Ba abin da ya same ta.

Ni da Auta kuwa muka koma gaisuwa kawai. Ba gaba muke ba, kullum yana kawo wa yarinyar biskit, yana tambayata ko akwai saƙo kasuwa. Amma bayan azahar ba ya dawowa. Jirgin yana kan taga a ɗakina, injuna uku a liƙe, na huɗun wayoyinsa biyu suna reto. Sau ɗaya na ce masa ai akwai masu gyara a nan garin, ya kai musu mana. Ya ce duk shagon da ya shiga da wannan abu, gobe tasha ta sani, jibi 'yan sa-kai sun zo gaishe da Inna. Ya ce mutum ɗaya ya yarda da shi, abokinsa na Gummi, wanda shagonsa ke da ƙuryar da ake rufewa.

Ranar kasuwar Gummi da safe ya shigo ɗakina. Ya ce in ara masa gwangwanin maɓallaina. Ya juye maɓallan a faranti, ya shimfiɗa ƙyallaye a ciki, ya kwantar da jirgin, ya rufe. Ya ce zai bi motar farko, ya dawo kafin la'asar, Inna kuma ya ce mata rumfa za shi don kada hankalinta ya tashi.

"Ki ɗaura gidan sauro kahin in dawo," ya ce. "Yau kwaɗonki zai tashi."

Na san halin hanyar, kowa ya sani. Maganar ta zo min har baki, in ce masa ya bari, ya aro ƙarfe a yi a zauren, minti biyar ɗin. 'Yata tana zaune kusa da ƙafata tana wasa da maɓallan da ya juye. Na dube ta. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ma ɗaga kai daga keken ba.

Bai kai Gummi da ransa ba. A can aka yi masa sutura a ranar, tare da sauran, don ba motar da za ta biyo hanyar da yamma. Kawunmu da maza biyu suka je washegari suka ga kabarin. Ni da Inna ba mu gan shi ba.

Ranar sadakar uku abokin nasa ya zo. Bayan ya gaisa da maza ya nemi ganina a zaure, ya miƙo min jakar Auta. Hularsa tana ciki, da makullin rumfa, da gwangwanin. Murfin ya ɗan lotsa a gefe, amma da na buɗe ko tsinke ɗaya bai karye ba. Abokin ya ce sun yi waya da safen ranar, Auta ya ce ya share masa tebur, aikin minti biyar zai kawo. Na tambaye shi ko ya faɗa masa abin da ya sa bai yi a gida ba.

"Ya ce ƙarfensa ya faɗa ruwa."

Na riƙe gwangwanin da hannu biyu. Ya ce in ina so ya tafi da shi ya ƙarasa ya aiko min, ko kuma wani zuwan ya taho da kayan aikinsa ya liƙa a nan. Na ce zan yi shawara. Ya sake kira sau biyu bayan haka, amsar dai ita ce. Ba zan iya sa wani ya hau hanyar nan saboda waya biyu ba. Shigo da dalma gidan kuma, duk lokacin da na kai ga cewa to, sai in ji ba zan iya ba, har yanzu, bayan duk abin da ya faru. Wannan ne ya fi damuna. Da a ce na tabbata kuskure na yi ranar Talatar nan, da na san irin istigfarin da zan yi.

Malamin da ya yi mana ta'aziyya ya ce kowane rai da wurin da aka rubuta masa, ko ba da dalili ba sai ya je. Na yarda da haka, ban taɓa jayayya da shi ba. Amma ajali daban, abin da na ce wa Inna daban. Tana ta juya tambayar. Ta tambayi kawu ko Auta yana neman wata yarinya a Gummi. Ta tambayi yaran tasha ko wani ya aike shi. Wata rana na ji tana cewa maƙwabciyarmu, abin da ke hana ta sukuni shi ne yaron da bai taɓa ɓoye mata komai ba ya fita da ƙarya a bakinsa, ba ta san me ya fi ta a can ba.

Bayan an yi arba'in na yanke shawarar faɗa mata. Da hantsi ne, tana zaune a inuwa tana kaɗi. Na ɗauko gwangwanin na zauna kusa da ita, na buɗe. Ta ajiye mazarin. Ta ɗauki jirgin da yatsu biyu kamar ɗan tsako, ta juya shi, ta shafa zaren.

"Wanga ɗaurinki na."

Na ce nawa ne. Na gaya mata abin da ake kiransa, da gidan sauron, da sikelin. Ta saurara. Ta hura farfela ɗaya, ta juya. Ta tambaya ko ya taɓa tashi, na ce bai taɓa ba, saura waɗannan wayoyi biyu a liƙa. Na ce abin da ya kai shi Gummi ke nan.

Ta daɗe tana kallon wayoyin.

"Don wanga ɗan abu?" ta ce. "To sauran ina yal liƙa su?"

"A ɗakinsa."

"Mi yah hana shi ƙarasawa nan?"

Na shirya maganar tun asuba, kalma bayan kalma. Inna ce ta wanke 'ya'yana biyu a Dareta, ita ta riƙe ni lokacin. Na san za ta gane abin da ya sa na yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta riƙa kallona bayan ta gane, a gidan da ya rage daga ni sai ita sai yarinya.

Na ce, "Ƙarfensa ne ya faɗa ruwa."

Ta dube ni, ta dubi 'yata da ke wasa a bakin randa. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta mayar da jirgin cikin ƙyallayen da kanta, ta gyara masa kwanciya, ta ce Allah ya jiƙan shi, yaro da son wasa. Ta ɗauki mazarinta. Tun daga ranar ba ta sake tambayar kowa ba.

Gwangwanin yana kan taga, sikelin yana ƙarƙashinsa. Maɓallan har yanzu a faranti suke. Inji na huɗu ba a liƙa shi ba, kuma ban faɗa wa Inna wanda ya jefa ƙarfen ba.